Shekarar da ban yanka rago ba

Layyar 2024 ban yanka rago ba. Na rubuta shi haka ƙarara don har yau in zan faɗe shi da baki sai in ji muryata ta yi ƙasa kamar mai ba da labarin satar da ya yi. Ba ciwo ya kwantar da ni ba, ba tafiya na yi ba, ina nan cikin garin Tawa lafiya lau, kuɗɗin ne dai babu. Shekarar nan kowa ya san yadda ta zo, an rufe iyakoki tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, shinkafa ta hau, mai ya hau, ni kuma malamin lakwal ne, mushe ake ce mana, abin da nake samu ƙarshen wata an riga an raba shi tun kafin shi iso hannuna. Na je kasuwar Lahadi har sau biyu, na taɓa ƙugun raguna, na tambayi kuɗɗi, dillali shina ce mini mushe ɗauki kawai ka biya sannu sannu ai mun saba, na ce mishi bari in yi shawara, na juyo gida hannu sake.

Wanda ba ɗan Nijar ba ba zai gane nauyin maganar ba. Mu nan ba a ɓoye layya cikin gida. In an yanka an feɗe sai a gicciya ragon bisa itace, a kafa shi ƙofar gida kewaye da wuta, a wuni ana gashi har dare, sai washegari a raba. Ke nan duk wanda ya bi ta layinku yana iya ƙirgawa: gidan Alhaji biyar, gidan wane biyu, gidan wane ɗaya amma balami ne, gidan mushe kuwa... ƙofa a share tas, ko toka babu. Ba sai wani ya yi tsegumi ba, titi da kanshi ke ba da rahoto.

Shekarun baya ina yankawa mana. Amma bari in gaya muku yadda nake yankawa. In karɓi rago bashi wurin dillali, in ranci kuɗɗin itace da yaji wurin mai butikin kartiyenmu, in ranci na ɗinkin yara wurin wani abokin aiki, ranar salla in sa shaddata in tsaya ƙofar gida ina juya rago ina amsa barka da salla kamar wani attajiri, sannan in yi wata huɗu ko biyar ina canza hanya don kar in haɗu da dillali. Akwai shekarar da har Maulidi ya zo ya wuce ban gama biyan ragon da munka cinye cikin sati biyu ba. Naman ya ƙare, kitsen ya ƙare, sai ni da zullumi in na ji ana sallama da sassafe. Kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya sani, ko mai ɗakina rabin maganar kawai ta sani.

Da na yanke shawara na fara zuwa wurin Inna, don ita ce na fi jin tsoro. Na durƙusa na gaida ta, na yi ta kewaye kewaye har ta ce kai mi ke tahe da kai. Na ce Inna bana ba ni da halin rago kuma ba ni son cin bashi. Ta yi shiru ta daɗe tana jan tasbaha. Na yi zaton za ta ce Allah shi hore, ko ta yi faɗa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne: to ɗana, mi mutane za su ce? Ba ta tambaye ni ko akwai hatsi a gida ba, ba ta tambaye ni bashin nawa ke kaina ba. Kuma ban ga laifinta ba wallahi, don ita ma da wannan tambaya anka raine ta, da ita anka yi mata aure, da ita ta haƙura da abubuwa da yawa da ban isa in rubuta su nan ba.

Ranar sallar ba zan yi muku ƙarya in ce na ji wani sanyi a zuciya ba. Ban ji ba. Na dawo daga idi na shiga ɗaki na rufe, hayaƙin layinmu yana shigowa ta taga, yarona mai shekara 7 ya leƙo ya ce Baba namu ragon sai yaushe za a kawo shi. Na ce mishi bana ba mu yi ba, baɗi in Allah ya so. Bai yi kuka ba, ya dai dube ni ya fita wurin ƴan uwanshi yara ƙofar maƙwabta. Da ma kukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Na wuni cikin gari mai cike da dangina, kakanni na suna kwance cikin ƙasarshi, amma na ji kamar baƙon da mota ta aje a tasha cikin dare.

To daga ranar ne na fara tambayar kaina, su waye mutanen nan da muke tsoron abin da za su ce? Ina gidansu yake? Don kwana uku bayan salla na koma fada, inda muke zama kowane dare bayan isha'i kusan shekara goma, benci biyu da tabarma da butar shayi, na je ne a shirye da jin ba'a, kuma na ji ta, wani ya ce mushe bana ya yi layya da alli, anka yi dariya ni ma na yi. Amma da za mu watse wani daga cikinmu ya ce in raka shi, muna tafe cikin duhu sai ya ce mini ƙasa ƙasa, wallahi ka fi mu hankali, ni babur ɗina na jinginar. Bayan sati guda wani ya ce shi zoben matarshi anka saida. Mu takwas ke zama fadar nan, daga baya na gane aƙalla mu biyar duk shekara da bashi muke yanka, kuma kowane ɗaya yana yi ne don kar sauran su raina shi. Ke nan mutanen da nake tsoro su ne su, mutanen da suke tsoro ni ne. Shekara goma muna shan shayi kofi ɗaya yana zagaye bakunanmu, muna gardamar Real da Barsa, muna gardamar kokowa da wa zai ɗauki takobi, muna warware siyasar duniya daga Rasha har Amurka, amma ba wanda ya taɓa cewa jama'a ni fa abin ya ishe ni.

Wannan shi ne kaɗaicin da nake magana a kai, kuma shi ya sa nake rubutun nan. Mu mun ɗauka kaɗaici ciwon Annasara ne. Lokacin da anka ji Ingila ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta bi sahu a 2021, na tuna yadda munka yi ta dariya, muna cewa Allah mun gode maka, mu ko kana so ka zauna kai kaɗai ba a barinka. Sai ga shi hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da rahoto a 2025 tana cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta, kusan ninki biyu na ƙasashen masu kuɗɗi. Ni ban yi mamaki ba ko kaɗan. Don wanda jama'a ta sani ta gaisa da shi ta ci tuwon sunan ɗanshi, in duk abin da yake nuna musu ba shi ba ne, ai da wani suke zumunci, shi yana can ciki a tsugune ba wanda ya taɓa yi mishi sannu.

Mu Adarawa kuma namu ya zo da ƙari, don mu an haife mu da jakar tafiya a kafaɗa. Bida, wato tafiya neman kuɗɗi ƙasashen waje, ita ce makarantar da kowa ya yarda da ita. In an gama girbi ka je ka ga tashar mota, ka shiga ƙauyukan Illela da Keita da Buza da rani ka ga tsofaffi da mata da yara kawai, samari sun yi Abijan, sun yi Kamaru, Gabon, Libiya, Aljeriya, Legas. Kuma ba na raina wannan, Allah shi kiyaye, gidajen siminti nawa ne a garin nan kuɗɗin Abijan sunka gina, buhun hatsi nawa ke shiga gidaje ta kamfanonin aika kuɗɗi na Nita da Amana lokacin da rumbu ya yi fayau. Bida ta riƙe Adar. Amma ta kuma zama ma'aunin namiji. Ni da na tsaya na yi bak, jarrabawar gama sakandare, na tafi jami'ar Abdu Mumuni a Yamai na dawo na kama alli, har yau akwai kawuna da in ya gan ni sai ya ce ɗana kai dai ka ƙi fita ka ga duniya, sa'o'inka duk sun aje mota. Ba da mugunta yake faɗa ba, tausayina yake ji. Kuma sau biyu na kusa ajiye aikin in bi su, alhali na san raina, ba na son kasuwanci, ban iya ba, in na tsaya gaban allo yaro ya gane abin da jiya bai gane ba nan ne kawai nake jin ni ne ni. Na kusa barin abu guda da na iya don in huta da kallon tausayi.

Su kuma waɗanda sunka tafi fa? Ina da aboki tun muna firamare, yana Abijan yau shekara 9. A Facebook in ka gan shi sai ka ce ga wanda ya gama da duniya, tabarau, agogo, ya jingina da motar da ba tashi ba. Ni kuma ƙarfe ɗayan dare yake kirana ta WhatsApp in waɗanda suke ɗaki ɗaya sun yi barci, su shida ne a ɗakin wajen Ajame, yana yawo da kaya a kai tun safe har magariba, ƙafarshi ta kumbura. Ya ce mini so yake shi dawo shi yi noman albasa ko da haya ce. Na ce to dawo mana. Ya ce da mi? In shigo gari da jaka ɗaya bayan shekara 9? Ƙanena da ya tafi bayana ya yi wa Inna ɗaki. Ka ji fa. Ba ɗan sandan iyaka ya tsare shi ba, ba kuɗɗin mota ya rasa ba. Mi mutane za su ce, ita ta tsare shi, tana nan zaune a Tawa tana riƙe da shi daga nisan dubban kilomita.

Kuma akwai waɗanda nasu ya fi haka muni. Waɗanda Aljeriya ke kwasowa ta zubar a bakin iyaka su tako kusan kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka, ba waya ba kuɗɗi, wasu ko takalmi babu. Ka tambayi masu hulɗa da su, da yawa in sun iso Arlit ko Agadas ba gida suke tunani ba, yadda za su sake komawa suke nema, don hamada ta fi musu sauƙi bisa ga idon ƴan garinsu. A 2011 da Libiya ta rikice dubban ƴan Nijar sunka dawo hannu wofi, na ga wasu a nan da idona, mutumin da da in ya zo hutu maroƙa ke bin shi ya koma ba ya fita sai dare. Talauci ne ke korar mutane daga gida, wannan ba gardama, amma abin da ke hana su dawowa sau da yawa kunya ce, kuma kunyar nan mu ke dafa ta mu aika musu.

In na ce maza na shan wuya, mata sai dai a yi shiru. Ƙasarmu ce UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an yi musu aure kafin su cika shekara 18, to ka auna yadda ake kallon wadda ta kai 29 ba ta yi ba. Ina da ƙanwa, ɗiyar gwaggona, ungozoma ce a Yamai, hannunta ya karɓi jarirai da ba ta san adadinsu ba, ita ke biyan kuɗɗin lakwal na ƙannenta uku, ita ke aiko da kuɗɗin magani. Amma in ta zo Tawa biki ba wanda ke tambayarta aiki. Tun daga zaure ake fara mata, har yanzu dai? yaushe za mu sha naki? ki rage zaɓe ɗiyata, boko ba ya rufe mace. Ta taɓa gaya mini ta kusa amsa wa wani mutum da ta san sarai ba za ta iya zama da shi ba, har an fara maganar walis, wato akwatin lefe, don kawai a sauke mata wannan tambaya, ta ce yaya ko wata shida ne in yi in fito, bazawara ta fi tsohuwar budurwa daraja a garin nan. Ta fasa daga baya, kuma ta biya farashi, gwaggo ta yi wata biyu ba ta ɗaukar wayarta. Yanzu in ta tashi daga aiki ɗakinta take komawa ita kaɗai a Lazare, ta ce wani lokacin sai ta kunna rediyo don dai ta ji muryar mutum. Amma ta ce ko a hakan tana barci, wanda da ta yi auren nan ba ta tsammanin za ta yi.

Waɗanda sunka yi auren ma ba su tsira ba, sai dai tambayar ta canza riga. Anko na wannan biki, anko na wancan suna, zubin foyandi, gudummuwar da dole ki mayar da ninkin abin da anka kawo miki, kuma a ɗaga a faɗa da ƙarfi gaban mata wance ta ba da kaza. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi bisa doka jikka 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, kuma wannan ma sai a farkon 2024 anka ɗaga shi daga jikka 30 da ƴan kai, mafi yawan mutane ma ba albashin gare su ba. Ka ga mace ta saida akuyarta ta sayi leshin da za ta sa sau ɗaya, ba don tana so ba, in ka zauna da ita za ta ce maka ita ma ta gaji, kowa ta gaji, amma wa za ta fara.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fuska: mushe wannan tunanin Annasara ne, kowa tashi ta fisshe shi, ku ƴan boko so kuke ku wargaza zumunci. Kuma ba zan yi kamar maganar ba ta da tushe ba. Tana da shi. Washegarin sallar da ban yanka ba, kafin azahar kwanoni sun cika ɗakinmu, cinya daga nan, haƙarƙari daga can, har maƙwabcin da muka taɓa samun saɓani kan magudanar ruwa ya aiko da yaro da nama a leda. Mai ɗakina ta ce ko shekarar da munka yanka ba mu tara haka ba. Idon da ke ƙirga ragunan ƙofar gida shi ne dai idon da ya ga ƙofata ba wuta ya aiko. Jama'ar da ke matsa maka ita ke ɗaukar gawarka, ita ke haɗa kuɗɗin ordinansi, takardar magani, in ka kwanta, a ƙasar da ba kowa ke da inshora ba dangi su ne inshora. Wanda ya ce zai yi rayuwa ba ruwanshi da kowa, a Tawa dai, ko bai taɓa ciwo ba ko ƙarya yake. Kuma ina ganin yaran da ke rubutawa a Facebook ni ba na rayuwa don kowa, ba ruwana da maganar mutane, sannan su zauna suna ƙirga mutum nawa sunka danna musu like. Wannan ma wata layyar bashi ce, sun dai canza layin da suke kafa ragon.

Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi wuya. Akwai abin da jama'a ke bi na, haƙƙi ne: in gaida na gaba, in je jana'iza, in duba mara lafiya, in ciyar da iyayena gwargwadon hali, in maƙwabci ya kwana da yunwa ina da tuwo a tambaye ni. Wannan ko raina ba ya so dole in yi, kuma ba na kiran shi takura. Akwai kuma abin da ba haƙƙin kowa ba ne, burga ce kawai munka sa mata rawani: girman rago, yawan akwati, shekarar da zan yi aure, sana'ar da zan yi, ko na gina ko ina haya. Matsalarmu mun cakuɗa biyun har mun fi tsananta wa na biyu. Mutum zai yi shekara bai leƙa gwaggonshi da ke kwance ba, ba mai ce mishi kanzil, amma shi kuskura shi aurar da ɗiya ba gado na yayi, gari ya ɗauka.

Kuma abin haushin, addinin da muke fakewa da shi ba haka ya ce ba. Ƙarshen suratul Baƙara yaran allo ma sun haddace, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da take iyawa. Layya a mazhabar Malikiyya da muke bi sunna ce mai ƙarfi ga wanda ke da hali. Bashi kuwa, hadisi ya zo a Buhari an kawo gawa Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko akwai bashi a kanshi, anka ce akwai, bai bar abin biya ba, ya ce ku yi wa sahibinku salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya sallace shi. Wannan duk mun ji shi a wa'azi. Amma mun fi tsoron a ce wane bai yanka ba bisa ga mu mutu da kuɗɗin dillali a wuya. In na yanka don layinmu su gani, ni da malamaina mun san sunan wannan abu, riya ake ce mishi, ke nan ga bashi ga rashin lada, an yi ba a yi ba.

Ko kalmar rufin asiri ma mun juya ta. Da in tsoho ya ce Allah shi rufa asiri, yana nufin Allah shi ba ka abin da zai ishe ka kar ka miƙa hannu. Yanzu rufin asiri ya koma ka miƙa hannu a ɓoye wuri biyar don kar a gane a fili ba ka da shi. Kayan aro kuwa an ce ba ya rufe katara, kuma mai shi ya fi kowa sanin inda iska ke shiga.

Ba na son in yaudari wanda zai karanta wannan ya ce to shi ke nan daga yau zan tsaya kan gaskiyata sai in samu sauƙi. Ba lallai ba. Ni dai da na daina ƙarya kaɗaicin bai tafi ba, ya canza kama ne. Akwai waɗanda sunka ja baya, akwai taron dangi da yanzu ba a neman shawarata don an ga aljihun ba nauyi, kuma yana mini zafi, ba zan ce ba ya yi ba. Akwai daren da nake kwance ina cewa anya ba taurin kai ba ne kawai, anya yarona ba zai girma da tabon ranar nan ba. Kuma ba inda za ka kai irin wannan magana. In ka ce wa babba zuciyata ba daɗi sai shi ce yi haƙuri, yi ta istigfari, kuma gaskiya ne amma maganar ta mutu nan. In ka ce wa aboki ina jin kamar ni kaɗai ne a duniya sai shi yi dariya shi ce sai mu kai ka Pabiyon E, wato ɓangaren masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, sunan da ya zama abin tsokana a bakinmu har mai buƙatar zuwa can da gaske yake jin kunyar zuwa. Gaisuwarmu ma ba ta bar ƙofa ba, ina gajiya babu gajiya, ina gida lafiya lau, ko gidan yana ci da wuta. Bambancin kawai, da ina cikin mutane ina ɓoye, yanzu waɗanda sunka rage kusa da ni, ko su uku ne, ni ɗin sunka sani. Wanda ya jinginar da babur yanzu in abu ya dame shi gidana yake zuwa, ba fada ba, mu zauna ƙofar gida wani lokacin ma ba ma cewa komi.

Kuma kar in tsaya ina nuna wasu da yatsa. Ni ma ina cikin mutanen nan. Ni ma na taɓa ce wa wani ɗalibina da ya dawo daga Libiya, a'a har ka dawo, ina tsarabar? da wasa na faɗa, na ga yadda fuskarshi ta yi amma na wuce. Ni ma na taɓa tsokanar ɗiyar gwaggon nan tawa da maganar aure gaban mutane don a yi dariya. Ba na jin akwai wanda ke tashi da safe da niyyar takura wa wani, kowa ɗan tsakuwa ɗaya yake jefawa yana ganin ai wasa ne, wanda ake jifa shi kaɗai ya san sun cika kwando. Tambayoyin nan da muke ɗauka gaisuwa ce, har yanzu ba labari? yaushe za ka gina? ba ka koma ba? madam ba ta ƙara ba? ni dai na yanke wa bakina su, kuma da wuya, don wani lokacin har ta iso harshe nake haɗiye ta.

Layyar da ta biyo baya na fara aje jikka biyar biyar tun watan Muharram wurin mai ɗakina, don in kuɗɗin na hannuna ba su kwana. Abin da ya taru bai kai rago ba, ya dai kai taure, ja, madaidaici, na biya lakadan dillali har yana duban kuɗɗin sau biyu. Munka kafa shi ƙofar gida, gefen na maƙwabcina raguna uku, sai ya zama kamar ɗan da anka ɗauko riƙo. Wani mai wucewa ya ce mushe wannan kyanwa ce ko mi, yarona kuwa ya wuni yana gyara mishi wuta ba ya bari kowa shi taɓa. Inna da na kai mata cinya ta juya ta ta ce akuya ce? na ce e Inna, amma ba bashi. Ba ta ce komi ba, ta sa anka rataye mata a ɗaki.

Da dare abokina na Abijan ya kira. Ya ce ya ga hoton, ya yi dariya har da tari. Sannan ya yi shiru, ya tambaye ni nawa ake ba da hayar gonar albasa yanzu wajen Galmi. Na ce zan tambaya mishi. Ya ce to amma kar in gaya wa kowa tukuna.